Tambayoyin Masu Karatu: Idan Ganye Ya Daƙile Inzayim a Ɗakin Gwaji, Ya Zama Maganin Illolin Ciwon Suga Ke Nan?

Wasiƙun da suka taru a wannan wata sun karkata ga abu guda, wato labarin da ake yawan ji cewa masana sun gwada wani ganye ko saiwa ko sassaƙe, sun tarar yana daƙile wani sinadarin jiki mai hannu a illolin ciwon suga. Na zaɓi huɗu daga ciki, na taƙaita su saboda ƙarancin wuri, kuma kamar yadda aka saba a wannan fili, ban sa sunan kowa ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina ya shekara 11 da ciwon suga. Yanzu yana kukan zafi a tafin ƙafa da dare kamar ya taka garwashi, idonsa na hagu kuma ya fara yana. Kwanan baya na ji a rediyo ana cewa masana a wata jami'a sun gwada ganyayyaki da dama, sun gano wasunsu suna hana wani inzayim mai lalata ido da jijiya yin aiki. Mene ne wannan inzayim? Kuma in nemo masa ganyen ya huta da ƙwayoyin asibiti da ya gaji da su? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da shi. Abin da ya fi gaggawa shi zan sa a gaba: kada Baba ya ajiye ƙwayoyinsa saboda wannan labari.

Inzayim wani furotin ne da jiki ke ƙerawa domin ya gaggauta juya wani sinadari zuwa wani. Duk macen da ke dama kunun zaƙi ta san aikinsa ko da ba ta taɓa jin sunansa ba, domin idan ta zuba niƙaƙƙen ɗanyen dankalin Hausa ko tsiron shinkafa a kan gasara mai kauri da sauran ɗumi, ta rufe ta bar shi ya kwana, da safe za ta tarar ya tsinke ya yi zaƙi, saboda inzayim ɗin da ke cikin dankalin ya farfasa sitaci ya mai da shi suga. Jikinmu yana da dubban irinsu, kowanne da aikinsa. Wanda ka ji a rediyo, bisa yadda ka siffanta shi, shi ne wanda ake kira aldos ridaktes.

Tsoka da kitse suna jiran insulin ne kafin su buɗe wa suga ƙofa sosai, amma madubin cikin ido da tantanin bayan ido da jijiyoyi da ƙoda ba sa jiran kowa, don haka duk yadda suga ya hau a jini haka yake kwarara cikinsu. A lafiyayyen jiki, kusan dukkan sugan yana bin babbar hanya inda ake ƙona shi a samu ƙarfi, abin da ke bi ta hannun aldos ridaktes kuwa bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Idan suga ya yi yawa, sai abin ya zama kamar ruwan watan Agusta da ya fi ƙarfin lambatu ya ɓalle ta cikin gidaje, har abin da ke bi ta wannan hanyar gefe ya kai kusan kashi 30 cikin 100 a wuri irin madubin ido. Inzayim ɗin yana juya gulukos, wato sugan da ke cikin jini, zuwa wani sinadari mai suna sobitol, shi kuwa sobitol ba ya iya fita daga ƙwayar halitta cikin sauƙi, sai ya taru ya riƙa janyo ruwa har zaruruwan madubin su kumbura su dusashe. Ban da wannan, wajen yin wannan aiki inzayim ɗin yana cinye wani sinadari mai suna NADPH, wanda ƙwayar halitta ke bukata domin kare kanta daga lalacewa, ga shi an cika ta da kaya, ga shi an raba ta da garkuwarta.

Wannan sani ya daɗe. A 1959 Ruth van Heyningen ta jami'ar Oksfod da ke Ingila ta gano sobitol ya taru a madubin idon ɓerayen da ke da ciwon suga, sannan Jin Kinoshita a Amurka ya shafe shekaru yana nuna yadda taruwar ke haifar da yana. A 1975 shi da abokan aikinsa suka wallafa cewa sinadaran tsirrai da ake kira filabonoyid, irin kwasetin da ke cikin albasa da ganyen shayi, suna daƙile inzayim ɗin. Tun daga lokacin ake bin tsirrai ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa, a Indiya da Sin da Koriya da Japan, da jami'o'inmu na nan gida, inda zogale da shiwaka da garafuni da marke suke cikin waɗanda aka fi ɗauka saboda masu maganin gargajiya sun riga sun ambace su.

Ga yadda gwajin yake, domin ka san abin da kalmar "sun gano" take ɗauke da shi. Ana shanya ganyen a inuwa, a daka, a jiƙa garin a cikin ruwa ko metanol ko etanol, wato ruwan sinadaran da ke tatso abin da ke cikin ganye, a tace, a tsane ruwan har ya rage wani abu mai danƙo kamar ƙaro. Ana cire madubin idon ɓera a markaɗa domin a samu inzayim, a zuba kaɗan a cikin wata 'yar kwalba mai kusurwa huɗu wadda ba ta fi ɗan yatsa ba, tare da NADPH da abin da inzayim ɗin zai ci. Na'urar auna haske tana haska kwalbar da irin hasken da NADPH ke shanyewa, wanda ma'auninsa nanomita 340 ne, don haka muddin inzayim yana aiki lambar da ke fuskar na'urar sauka take yi. Sai a sake gwajin da ɗigon ruwan ganyen. Idan saukar lambar ta yi sanyi, an ce ganyen ya daƙile inzayim. Duka duka abin mintuna kaɗan ne, kuma babu ciki a wurin, babu hanta, babu jini.

A nan ne tafiyar take da nisa. Abin da Baba zai sha sai ya ratsa ruwan ciki, hanji ya yarda ya tsotse shi, hanta ta bar shi ya wuce, sannan ya kai ga jijiyar ɗan yatsan ƙafa da yawan da zai yi tasiri, kullum, shekara da shekaru, ba tare da ya taɓa ƙoda ba. Kwasetin ɗin da ke yin abin mamaki a kwalba, hanji da hanta suna sauya masa siffa tun kafin ya zagaya jini, abin da ke isa sassan jiki kuwa ɗan kaɗan ne. Dabbobin ma ba ɗaya suke ba: madubin idon ɓeran gwaji babba da na kare cike suke da aldos ridaktes, shi ya sa mafi yawan karnukan da suka kamu da ciwon suga suke yin yana da wuri, alhali ƙaramin ɓeran gwaji mai ƙarancin inzayim ɗin a ido ba ya yin irin wannan yanar, na ɗan Adam ma bai kai na babban ɓeran ba.

Manyan kamfanonin magani sun bi wannan hanya da tsarkakakkun sinadarai masu ƙarfin da ba a haɗa su da ɗanyen ganye, kuma sun sha ƙasa. An gwada sorbinil a kan mutum 497 masu ciwon suga, sakamakon da ya fito a 1990 bai nuna wata kariya ta a zo a gani ga tantanin ido ba, kusan kashi 7 cikin 100 kuma jikinsu ya yi masa bore. Tolrestat ya shiga kasuwa a wasu ƙasashe, aka janye shi kafin shekarun 1990 su ƙare saboda yana lalata hanta. Epalrestat ne ya tsira, ana sayar da shi a Japan tun 1992, daga baya a Sin da Indiya, domin ciwon jijiya. A 2007 masu bita na Cochrane, ƙungiyar da ke tace sakamakon binciken lafiya, suka tattara gwaje-gwaje 32 na wannan jinsin magani a kan mutane, ba su ga bambanci mai ƙwari tsakaninsu da ƙwayar da babu komai a ciki ba. Wani ɓangare na dalilin shi ne hanyar sobitol ɗaya ce daga cikin hanyoyi huɗu da masanin ciwon suga Michael Brownlee ya lissafa a 2001 waɗanda yawan suga ke bi ya yi ɓarna, wanda ya toshe ɗaya kuwa ya bar uku a buɗe.

Abin da aka tabbatar a jikin mutane shi ne rage sugan kansa. Babban binciken da aka yi a Amurka da Kanada a kan mutum 1,441 masu ciwon suga nau'i na ɗaya, wanda ya fito a 1993, ya nuna tsananta kula da suga ya rage haɗarin kamuwa da ciwon tantanin ido da kashi 76 cikin 100, ciwon jijiya kuma da kashi 60. Na Birtaniya a kan masu nau'i na biyu, a 1998, ya nuna raguwar kashi 25 a illolin ƙananan hanyoyin jini. Don haka ka kai Baba a auna masa gwajin suga na wata uku da hawan jini da ƙoda. Ka gaya wa likita maganar zafin ƙafar, domin akwai magungunan rage shi, idan kuma ya daɗe a kan ƙwayar suga ta metformin a duba masa bitamin B12, tun da ƙarancinsa na ƙara ciwon jijiya. Yanar da ta riga ta yi, babu ganye ko ɗigon da ke wanke ta, aiki ake yi, kuma aiki ne gajere. Ka riƙa duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare, ka zazzage takalminsa kafin ya sa, kada kuma ya tafi masallaci ba takalmi a kan ƙasa mai zafi, saboda ƙafar da ta fara dindiris takan ƙone ko ta taka ƙusa mai ita bai sani ba.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na nazarin sinadaran jiki. Na jiƙa 'ya'yan bagaruwa a metanol, na gwada a kan alfa-gulukosides da aldos ridaktes, ya daƙile dukkansu fiye da kashi 90 cikin 100, kuma IC50 ɗinsa ya fi na acarbose ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Na rubuta cewa bagaruwa ta fi acarbose ƙarfi, sai malamina ya ja layi da jan biro ya ce in sake tunani, bai ƙara komai ba. Ina kuskurena? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yata, malaminki ya yi miki gata, ko da yake da ya ƙara jimla biyu da bai yi asara ba. Ga sauran masu karatu, alfa-gulukosides inzayim ne na hanji da ke ƙarasa farfasa sitaci zuwa gulukos, acarbose maganin asibiti ne da ke rage masa sauri domin kada suga ya yi tsalle bayan cin abinci, IC50 kuma shi ne yawan abin da ake bukata a rage aikin inzayim da rabi, saboda haka ƙaramar lamba ita ce alamar ƙarfi.

Ki fara da tambayar kanki abin da majema suke yi da bagaruwa. Tun kaka da kakanni majeman Kano da Sakkwato suke daka 'ya'yanta su jiƙa fatar akuya a cikin ruwan, ta fito ba ta ruɓewa, saboda bagaruwa cike take da tanin, shi kuwa tanin duk furotin ɗin da ya samu manne masa yake ya dunƙule shi. Fata furotin ce, inzayim ma furotin ne. Abin da ya faru a kwalbarki mai yiwuwa jima ce, kin jeme inzayim ɗin kamar yadda ake jeme kirgi, kuma da kin kawo inzayim na uku da na huɗu waɗanda ba su da alaƙa da suga, da su ma sun kwanta. Yadda ya daƙile duka biyun da kusan ƙarfi ɗaya shi ne abin da ya kamata ya tsorata ki. A cikin mutum, tanin ɗin zai haɗu da furotin na yawu da na wake da na nama tun kafin ya ga inzayim ɗin hanji, manyan nau'o'insa kuwa ba sa ratsa hanji su shiga jini balle su kai ga ido. Haka abin yake da sassaƙen marke da sabara da ganyen gwaiba da duk abin da ke ɗaure baki.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan rami ina ɗalibi. Na ga lambar na'ura ta tsaya cik ba ta sauka, na fita da murna na kira wani tsohon ma'aikacin ɗakin gwajinmu ya zo ya gani. Bai dubi na'urar ba, sai ya zare kwalbar ya ɗaga ta wajen taga, ga ruwan ya yi hazo-hazo kamar an ɗiga madara a ciki. Ya ce, "Yaro, wannan ai gajimare kake aunawa." Dunƙulewar furotin tana tare haske ta ɗaga lambar, cinye NADPH yana sauke ta, biyun suka yi kunnen doki, ni kuma na ɗauka na gano magani. Launi ma yana yin irin wannan yaudara. Gwajin alfa-gulukosides ruwan ɗorawa yake bayarwa a auna a nanomita 405, ruwan bagaruwa kuwa da launinsa ya zo, don haka kowane ma'auni na ruwan ganye yana bukatar kwalbarsa ta daban wadda babu inzayim a ciki, a cire lambarta daga lissafi.

Abu na biyu ya shafi acarbose kai tsaye. Ki duba jikin kwalbar inzayim ɗin da kika yi aiki da shi, ina kyautata zaton na yis ne, domin shi ne mai araha da ake samu a kasuwa. Acarbose yana da ƙarfi sosai a kan inzayim na hanjin mutum da na ɓera, amma a kan na yis rauni gare shi, sinadaran tsirrai irin tanin kuwa sun fi kama na yis. Kin haɗa bagaruwa kokawa da acarbose a filin da aka ɗaure masa hannu. Rahotanni masu yawa da ke cewa wani ganye ya ninka acarbose ƙarfi daga wannan kuskure suka fito, kuma idan an sake gwajin da inzayim na hanjin ɓera sai labari ya sha bamban.

Ga abin da za ki iya yi da kuɗi kaɗan. Ki ratsa ruwan bagaruwar ta cikin garin PVPP ko ki sa masa jelatin domin ya kwashe tanin, ki sake gwadawa. Ki ƙara albumin, wato wani furotin na jinin saniya, a kwalbar domin tanin ya samu abin kamawa ban da inzayim, ki ga ko ƙarfin ya faɗi. Ki sa ɗigon Triton X-100, kamar kashi 0.01 cikin 100, wanda ke wargaza sinadaran da ke curewa su rufe inzayim. Idan bayan duk wannan ƙarfin yana nan, to kin kama wani abu da ya cancanci a raba shi kashi-kashi a bi sawunsa. Idan ya ɓace, ki rubuta hakan ƙarara, sakamako ne mai daraja, ni a wurina ya fi wanda kika fara rubutawa. Matsalar ba ta tsirrai kaɗai ba ce, domin a 2010 Jonathan Baell da Georgina Holloway na Ostireliya sun wallafa jerin siffofin sinadaran da ke fitowa da nasarar ƙarya a kusan kowane gwaji, kuma sinadarin kurkur da aka yi ta yayatawa yana cikin waɗanda masana suka sa wa wannan alamar tambaya.

A ɓangaren aldos ridaktes akwai ƙarin tarko guda. Yana da ɗan uwa mai suna aldehaid ridaktes wanda suka yi tarayya a kusan kashi 65 cikin 100 na tsarinsu, aikinsa kwashe guba a hanta da ƙoda, kuma giliseraldehaid ɗin da kuke zubawa a gwaji a matsayin abin da inzayim zai ci, dukkansu suna cinsa. Abin da ya daƙile su tare bai yi wa majiyyaci gwaninta ba. Haka nan idan kin ga rahoton da ke murnar ganye ya daƙile inzayim na biyu a hanyar, wanda ke kwashe sobitol ya mai da shi furuktos, ki yi taka-tsantsan, domin a 2020 an gano mutanen da aka haifa da naƙasar wannan inzayim ɗin sobitol yana taruwa a jikinsu, kuma ciwon jijiya suke fama da shi. Kada ki manta da kai samfurin tsiron ma'ajiyar busassun tsirrai ta jami'arku a tantance a ba ki lamba, saboda sunan Hausa ɗaya yakan hau tsirrai biyu daga gari zuwa gari.

Tambaya: Malam, na gaji sana'ar magani daga mahaifina, yau shekara 40 ina yi. Ɗalibai suna zuwa su tambaye mu abin da muke ba masu ciwon suga, mu gaya musu, su tafi ba mu sake ganinsu, sai mu ji an ce babu hujja. In babu komai a itatuwan, me ya sa kuke bin su? Daga wani mai maganin gargajiya a Maraɗi.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Ƙorafinka yana kan hanya, kuma ban ga abin da zan kare abokan aikina da shi ba a kan rashin dawowa. Wanda ya ɗauki ilimi a bakin mutum, mafi ƙarancin ladabi shi ne ya koma ya gaya masa abin da ya gani. Akwai ma yarjejeniyar duniya ta Nagoya, wadda aka amince da ita a 2010 ta fara aiki a 2014, da ta tanadi neman izini da raba amfani da masu ilimin gargajiya. An kuma taɓa yin abin da ya dace a Najeriya, lokacin da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta yi aiki da Rabaran Paul Ogunyale a kan haɗinsa na ciwon sikila, aka fitar da Niprisan, sunansa kuma yana cikin takardar mallakar fasahar.

Akwai wani gyara da ku ne za ku yi mana. Kai tafasawa kake yi, wataƙila itace uku ko huɗu tare, wani lokaci da jar kanwa, ka ce a sha da safe kafin a karya. Ɗalibi kuma ya ɗauki ɗaya daga ciki ya jiƙa a metanol, wanda ke fitar da sinadaran da ruwan zafi ba ya fitarwa, ya bar wasu da ruwa ke ɗauka. Ko ya samu nasara ko bai samu ba, ba maganinka ya gwada ba. Idan sun sake zuwa, ka nemi su gwada shi yadda kake haɗawa.

Muna bin itatuwa ne saboda sun taɓa nuna hanya. Metformin da miliyoyin mutane ke sha a yau asalinsa wani tsiro ne na Turai mai suna galega, wanda aka daɗe ana ba masu yawan fitsari da ƙishirwa. Sai dai sinadarin da ke cikin tsiron ya yi guba da yawa, tsiron yana kashe tumaki idan sun ci, sai da aka ƙera danginsa a ɗakin gwaji a 1922, likita Jean Sterne na Faransa ya gwada shi a kan masu ciwon suga a 1957, Amurka kuwa ba ta amince da shi ba sai 1994. Haka sinadarin filorizin da aka fitar daga ɓawon itacen tuffa a 1835, wanda ke sa ƙoda ta zubar da suga a fitsari, sai a 2012 jikansa dapagliflozin ya samu izini a Turai, kuma a yau wannan jinsin yana cikin magungunan da aka tabbatar suna kare ƙodar masu ciwon suga. A duka biyun itacen ya faɗi gaskiya, amma gano adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa shi ya ci shekarun.

Wurin da nake roƙonka ka yi hattara shi ne ƙoda, saboda ɓarnarta ba ta da ƙara. A farkon shekarun 1990 mata fiye da 100 a Beljiyam suka samu mummunar lalacewar ƙoda bayan shan haɗin rage ƙiba da aka sa wa saiwar wani tsiron Sin bisa kuskure, tsiron kuwa dangin duman dutse ne da muke da shi a nan. Mai ciwon suga ƙodarsa a wahale take tun asali. Ka ajiye na'urar auna suga a shagonka, ka rubuta lambar kowane majiyyaci kafin ya fara da bayan ya fara, kada ka hana kowa insulin ɗinsa, wanda ya zo da gyambo a ƙafa ko kumburin fuska kuma ka tura shi asibiti a ranar. Littafin da ka cika da irin waɗannan lambobi hujja ce da mai bincike na gaske zai zauna ya karanta.

Tambaya: Na sayi wani maganin suga na ruwa mai lambar NAFDAC, an rubuta a jikinsa cewa an gwada shi a jami'a. Ina shan ƙwayar suga ta asibiti mai suna glibenclamide, in haɗa su? Kuma ina yawan cin kwaɗon zogale. Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Hajiya, ki duba ƙarshen lambar. Idan harafin L ne, ma'anarsa hukumar ta sa shi a jerin magungunan gargajiya na wucin gadi bayan duba cewa ba shi da guba ta kusa, kuma doka ta ce a rubuta a jikinsa cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba. Yawanci za ki ga wannan jimla da ƙananan haruffa a gefen kwalbar. "An gwada a jami'a" kuwa sau da yawa irin gwajin 'yar kwalbar nan ne da na siffanta a amsar farko, ko gwajin 'yan makonni a kan ɓeraye.

Haɗa shi da glibenclamide ba tare da sanin likita ba yana da haɗari, domin wannan ƙwaya tana iya sauke suga ƙasa da ƙima ko ita kaɗai, musamman idan an jinkirta cin abinci ko ana azumi. Idan kika ji rawar jiki da gumi mai sanyi da jiri da bugun zuciya, ki sha suga cokali uku na shayi a ruwa nan take, ki auna, ki bi da abinci. Kwaɗon zogale abinci ne mai kyau, ki ci gaba da shi, sai dai ki rage sugan da wasu ke barbaɗawa a ƙuli. Kwalbar kuma ki sa ta a jaka ranar da za ki koma asibiti, ki nuna wa likita ko mai harhaɗa magani, ki kuma nemi a yi miki gwajin ƙoda na jini da na furotin a fitsari idan shekara ta zagayo ba a yi ba.